Shekarar da Muka Cire Yaya Lawal

Akwai maganar da kuka taso kuna ji game da Kawunku Lawal, wai shi ya kai ƙarar wani ɗan wasa wurin hukumar Caina saboda haushin an karɓe masa ƙungiya. Kun ji ta a bakin abokaina, kun ji ta a wurin biki, wataƙila har wani daga cikinku ya maimaita ta. Ba gaskiya ba ce. Na fi kowa sanin ba gaskiya ba ce, kuma ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Yanzu da ƙarfina ya ja baya, ina so ku ji yadda abin ya faru daga wurina.

Lokacin muna Guangzhou, a wani bene mai tsawo a unguwar da baƙar fata suka fi yawa, hawa na tara. Ke Amina kina rarrafe, sauranku ba a haife ku ba. Ni aikina jakunkuna ne. Kusan kullum sai na shiga mota na tafi Shiling, na bi masana'antu ina duba ɗinki da zif, na haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya na sa a kwantena. Mamanku kuma tana tuƙa tuwo a gida, 'yan kasuwar da cikinsu ya gaji da taliyar Caina suna zuwa suna ci. Ɗakuna biyu ne da falo. Ƙaramin ɗakin na yayanta ne, Yaya Lawal. Injiniya ne a masaƙar Kaduna, har an taɓa tura shi arewacin Ingila ya yi shekara biyu yana koyon aikin injin. Da masaƙar ta rufe ya zauna ba aiki, sai na ce ya taho. Ya zama mai duba wa mutane ingancin yadi kafin su saya. Mutum ne dogo, marar yawan magana, idan ya murza atamfa tsakanin yatsu biyu ya ce a'a, to ko mai masana'anta zai yi kuka ba ya canjawa.

A can Ingila ya koyi zari-ruga, irin wanda ake yi mutum goma sha uku kowane ɓangare. Ƙwallon kamar gwanda take, ana riƙe ta a hannu a ruga, ba a jefa wa ɗan'uwa sai ta baya. Abokan hamayya su kama ka su kayar. Idan aka kayar da ku sau shida ba ku kai layin ƙarshe kun dangwala ƙwallon ba, sai ku miƙa musu. Ni da farko dariya abin ya ba ni. Amma wata Lahadi ya ga wasu Turawa suna yi a filin wata makaranta, ya tsaya a bakin waya ya kasa tafiya. Bayan sati biyu ya dawo gida da ƙwallo a ƙarƙashin hammata. Ya tara ɗalibai 'yan Arewa da ke jami'o'in garin, da samarin da ke ɗaure kaya a ɗakunan ajiya, 'yan Nijar da 'yan Gana, ya fara koya musu da sassafe kafin kasuwa ta buɗe. Turawan suna da wata ƙaramar gasa tsakaninsu, malaman makaranta da ma'aikatan kamfanoni da wasu ɗalibai daga tsibiran can nesa. Suka ce mu shigo. Muka sa wa ƙungiyarmu suna Sahel.

Shekarar farko mun ba kowa mamaki. Yaranmu ba su gama sanin dokoki ba, amma mutumin da ke ɗaukar dilar kaya tun safe har yamma ba ya tsoron karo. Kuma muna da Awudu. Ɗan zangon Kumasi ne, gajere mai faɗin ƙirji, idan ya rungume ƙwallo ya sunkuyar da kai sai mutum uku sun taru kafin ya kai ƙasa. Yana auren wata 'yar Caina da ke da rumfar tufafi a kasuwar Shahe, suna da 'yar ƙaramar yarinya mai gashi a murɗe, yakan ɗora ta a wuya bayan an tashi wasa. Dole ku gane abin da wannan nasara take nufi gare mu. A garin nan ana toshe hanci idan mun shiga bas. Mai tasi ya hango ka ya ƙara wuta. A kanti ka ce kana son abu kana ganinsa a kan kanta, a ce maka meyo, wato babu. Sai ga shi ranar Lahadi ɗaya a sati muna tsaye a bakin fili muna kallon namu suna ture kowa. Dattawan da ba su san ƙwallon tana da tsini ba suka fara zuwa da kujerun roba. Bayan wasa a dawo falonmu a ci tuwo, a yi ta maimaita abin da kowa ya gani da idonsa. Ni aka naɗa sakatare, don na fi kowa surutu.

A shekara ta biyu komai ya juye. Muka fara shan kashi, Lahadi bayan Lahadi. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne Yaya Lawal ya daina sa Awudu. Ba shi kaɗai ba, har da wasu ƙarfafa biyu. Suna zuwa atisaye da safe, ana ganinsu lafiya lau, amma ranar wasa ko filin ba sa zuwa. Sai a cika ƙungiya da ɗalibai sirara masu tabarau, Turawa su yi ta wurgi da su. Idan aka tambaye shi sai ya ce:

"Ni ne koci. Wanda na ga ya dace shi nake sawa."

Falonmu ya koma kotu. Mutane suka rabu biyu. Shugaban masu suka shi ne Alhaji Isufu, wani babban ɗan kasuwa daga Maraɗi, shi ya saya mana riguna. Mutumin kirki ne amma ba ya jure a ci shi, ko a dara. Yakan ajiye cokali ya ɗaga yatsu yana lissafa wasannin da aka cinye mu.

"Ni ban iya wannan balo taku ba," in ji shi, "amma na iya ganin wanda ya ci da wanda aka ci. Bara wa ya ci muna? Awudu. Bana ina Awudu? Yana gida. To ku hwaɗa mini, nasarar bara ta koci ce ko ta Awudu?"

Ɗaliban kuwa suna bayan Yaya Lawal. Wani mai karatun likita ya ce:

"Alhaji, kafin Malam ya zo wa ya san yadda ake riƙe ƙwallon nan? Awudun ma wa ya koya masa? Turawan nan sun gane mu ne, sun ƙaro 'yan wasa. Ƙungiya ba a gina ta a shekara ɗaya."

"Ana rusa ta a shekara ɗaya dai, ga shi muna gani," in ji Alhaji.

Haka ake yi kowane mako. Wasu su ce ya tsufa, wasan da ya koya a Ingila ya wuce yayi. Wasu su ce yana fifita 'yan boko ne a kan masu aikin ƙarfi. Wani ma ya ce 'yan Najeriya yake so su yi suna, shi ya sa ya ajiye ɗan Gana. Duk wannan a gidan da yake kwana ake yi, yana cikin ɗakinsa, ƙofar katako ce kawai tsakani. Wani lokaci ya fito ya wuce banɗaki ya yi alwala, falon ya yi tsit, ya koma ciki a ci gaba.

Ni kuwa na rasa sukuni. Ina cikin mota zuwa Shiling ina zana 'yan wasa a bayan takardar oda. Mai masana'anta yana yi mini bayanin fata ina tunanin wa zan sa a dama, wa zan sa a hagu. Sau biyu na bari aka ɗinka mini jakunkuna da launin da ba shi na ce ba, don hankalina ba ya wurin. Ba zan ɓoye muku ba, na fara jin cewa ni zan fi shi iyawa. Shekara guda ina tsaye a bayansa ina jin abin da yake faɗa, na ɗauka na gama haddace wasan. Kuma akwai wani abu da ban so na amsa wa kaina ba a lokacin. Ni na kawo shi garin, a gidana yake, amma idan muka shiga masallaci ranar Juma'a shi ake tashi ana gaisarwa, ana Koci, Koci.

Mamanku ta lura. Wata rana da hantsi tana tankaɗe gari ina ɗaura takalmi, ta ce:

"Baban Amina, Yaya ba ya yin abu babu dalili. Ka same shi ku biyu ka tambaye shi."

"Na tambaye shi, ya ce shi ne koci."

"A gaban mutum ashirin ka tambaye shi. Na ce ku biyu."

Ban yi ba. Ɗakinsa taku huɗu ne daga nawa, amma ban ƙwanƙwasa ba, don ina tsoron ya ba ni amsar da za ta hana ni abin da nake so.

Bayan wata Lahadi da aka yi mana cin da ko sau ɗaya ba mu kai layi ba, Alhaji Isufu ya ce a yi taro. Aka cika falon har bakin ƙofa. Aka kira Yaya Lawal ya zauna a kujera a tsakiya. Ni na karanta sakamakon wasannin shekarar ɗaya bayan ɗaya, da muryar da ban san ina da ita ba. Da na gama na ce:

"Yaya, jama'a suna so su ji dalilin da ya sa ba ka sa Awudu."

Ya dubi fuskokin da ke falon, ya daɗe yana dubawa. Akwai mutanen da ko sunansu ba mu sani ba, baƙi ne da suka zo cin tuwo suka tarar da taro. Awudu yana tsaye a jikin bango, kansa a ƙasa.

"Ba ni da abin da zan ƙara," in ji shi. "In kun ga a canja ni, ku canja."

Aka ɗaga hannu. Nawa ne ya fara tashi. Mamanku tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ga lokacin da na ɗaga. A nan take Alhaji ya ce a ba ni riƙo, aka amince.

Washegari da safe Yaya Lawal ya same ni a wurin jiran mota. Ya miƙo mini wata jakar leda, a ciki akwai usur da takardun ƙungiya. Ya ce tun farkon shekarar masu gasar suka kawo sabuwar doka, kowane koci sai ya rubuta sunayen 'yan wasansa ya haɗa da hoton fasfo, kuma masu filin suna miƙa takardar ga ofishin 'yan sandan unguwa. Lokacin an fara matsa wa baƙi a garin, ana tare mutane a hanya ana tambayar takardu.

"Bizar Awudu ta ƙare tun bara," in ji shi. "Haka sauran biyun. Kada ka rubuta sunansu."

Na ce me ya hana ya faɗa jiya.

"A falon nan? Nasiru, ka san mutum nawa ne a garin nan za su so Awudu ya bar musu kwastomominsa? Magana ɗaya ta isa. Gara a ce ban iya ba."

Ya juya ya tafi aikinsa. Bai yi mini faɗa ba, bai ce na ci amanarsa ba.

To a nan ne nake so ku buɗe kunne, don daga nan ba ni da uzurin rashin sani. Na sani. An faɗa mini da Hausa, ido da ido. Da na koma wurin jama'a na ce mun yi kuskure a mayar da shi, ko ban faɗi dalili ba, da maganar ta mutu. Amma na riga na yi alkawari a gaban kowa cewa Awudu zai dawo. Ga shi lokacin babbar kasuwar baje koli ta Pazhou ne, gari ya cika da baƙi daga Kano da Yamai da Maraɗi, Alhaji ya gayyace su duka su zo kallo. Kwana uku ina juya abin. Ba na iya zama wuri ɗaya. Na hau bene na sauko, na shiga kasuwa na fito ban sayi komai ba. A rana ta huɗu Awudu ya zo ya same ni da kansa.

"Masta, ka sa ni," in ji shi. "Wata bakwai ina ɓoye kamar ɓarawo. Daga gida sai sito, daga sito sai gida. Yarinyata ma ya daina tambaya yaushe za mu je fili. Takardar nan ba wanda ke karantawa, a durowa suke jefawa."

Na ce masa Yaya Lawal yana ganin akwai haɗari.

"Malam yana da tsoro da yawa. Ni na yarda. In wani abu ya faru, kaina ne."

Wannan kalmar na riƙe. Na ce wa kaina babba ne, shi ya zaɓa. Na ɗauki biro na rubuta sunansa a layi na farko, na haɗa da shafin fasfonsa mai hoto, na cire shafin biza, kamar wannan dabarar za ta ruɗi wani. Sauran biyun suka ce su ba za su yi ba, na ƙyale su.

Ranar Lahadi muka ci. Awudu ya dangwala ƙwallo sau uku. A na ƙarshen ya ja Turawa biyu a bayansa kamar buhuna har ya faɗa kan layi. Alhaji Isufu ya cire hularsa ya jefa sama, baƙin Maraɗi suka ɗaga ni. A falo ranar ba a yi gardama ba. Har ɗalibin likitan nan ya zo ya ba ni hannu ya ce ashe su ne ba su gane ba. Yaya Lawal bai je fili ba. Da mutane suka watse ya fito ya tsaya a kaina.

"Ka rubuta shi?"

Na ce na rubuta.

"To kada ya je Lahadi mai zuwa. Ka ce ya ji ciwo. Ka ce komai."

Ina da kwana bakwai. Na sake maimaita muku, kwana bakwai cur. Kullum sai na ɗauki waya zan kira Awudu, sai na tuna yadda aka ɗaga ni sama, na ajiye. Na ce wasa ɗaya kawai, daga shi sai na hutar da shi.

Lahadin da ta biyo, mun sauka daga bas muna shiga ƙofar makarantar, sai ga jami'ai huɗu a tsaye kusa da ɗakin mai gadi. Ɗayansu yana riƙe da takarda. Ba su taɓa kowa ba. Suka bar mu muna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna duban fuska, har Awudu ya iso da jakar takalmansa a kafaɗa. Suka tare shi. Bai gudu ba. Matarsa tana bayansa da yarinyar a hannu. Ta fara yi musu magana da sauri da yarensu, suna girgiza kai. Ya miƙa wa wani ɗalibi jakar takalman, ya shafa kan 'yarsa, ya shiga motar jami'an. Ba a yi wasa ranar ba. Awudu ya yi watanni a tsare, daga baya aka sa shi a jirgi, aka hana shi dawowa ƙasar. Matar ta zo gidanmu sau biyu tana kuka, Mamanku ta riƙe ta, ba mai jin yaren wani sosai. Daga baya aka ce iyayenta sun zo sun tafi da ita garinsu ita da yarinyar.

Tun a ranar da aka kama shi, kafin la'asar, maganar ta fito. Ban san bakin da ta fara fita ba. Wa ya san sirrin Awudu? Tsohon koci. Wa aka wulaƙanta sati biyu da suka wuce? Tsohon koci. Wa ya ƙi zuwa fili? Alhaji Isufu ya dube ni a gaban mutane ya ce:

"Nasiru, kai ne a gida ɗaya da shi. Kana ganin zai iya?"

Abin da na ce shi ne, "Allah kaɗai ya san zuciyar mutum, Alhaji."

Da wannan jimlar na kashe shi. Ban yi ƙarya ba, shi ya sa na daɗe ina lallashin kaina da ita, amma kowa a wurin ya ji abin da nake so ya ji. Masu ba shi aikin duba yadi suka janye ɗaya bayan ɗaya. A masallaci aka daina matsa masa wuri a sahu. Masu cin tuwo suka ragu, wasu suka ce ba za su ci a gidan da ake kai rahoto ba. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Da ya faɗi gaskiya, ni za a juyo wa, kuma ni ne mijin ƙanwarsa, ni ne uban Amina. Bayan wata biyu ya haɗa akwatinsa. Na raka shi filin jirgi, tun daga gida har can ba mu yi magana ba sai ta nauyin kaya. Ƙungiyar ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Ban iya koyar da komai ba, ashe jin abin da mutum yake faɗa daban ne da sanin abin da ya sani.

Ranar da ya tafi, Mamanku ta shiga ɗakinsa tana share shi. Na tsaya a ƙofa. Ba ta juyo ba ta ce:

"Wa ya rubuta sunan yaron nan a takarda?"

Ta ci gaba da shara, ta ce:

"Ba zan faɗa wa kowa ba, don ba ni ya kamata na faɗa ba. Amma kada ka ƙara ce wa mutane Allah kaɗai ya sani. Ni ma na sani."

Ta cika alkawarinta har yau. Mun ci gaba da zama lafiya, ta haifa mini sauranku, amma duk lokacin da wani baƙo ya ɗauko labarin Kawunku a gabanta, sai ta tashi ta bar wurin, ta bar ni da shi.

Bayan mun dawo gida da wasu shekaru, wani ɗan Kumasi ya ba ni lambar Awudu. Na yi sati ina kallonta kafin na kira. Yana tuƙin motar haya. Ya gane muryata nan da nan, ya yi ta tambayar mutane. Na ce ko yana jin labarin 'yarsa, ya ce sun yi waya na ɗan lokaci, daga baya lambar ta daina shiga. Na fara kame-kame ina so na kawo maganar, sai ya tare ni.

"Masta, na ga takardar a hannunsu tun a mota. Rubutunka ne. Ni na roƙe ka, ban riƙe ka da komai ba. Amma na ji wai ana cewa Malam ne. Wannan kam ka gyara. Mutumin nan wata bakwai yana shan zagi saboda ni."

Na ce zan gyara, na ce in sha Allahu cikin satin nan.

Na je Kaduna sau da yawa bayan haka. Kun sha raka ni. Yaya Lawal ya buɗe ɗan shagon gyaran keken ɗinki, yana karɓar mu da fara'a, ya sayo muku tsire. Sau ɗaya kawai, muna zaune mu biyu a kan benci a ƙofar shagon, na ce:

"Yaya, maganar Guangzhou."

Ya ci gaba da goge wani ƙarfe da tsumma. Ya ce:

"Tsakanina da kai babu komai, Nasiru. Sai dai yarana sun girma, kuma maganar ta biyo ni har nan. Ranar nan 'yata Sadiya ta dawo daga biki tana kuka."

Na ce zan tara mutane na yi bayani. Ya ce to. Na dawo Kano, kasuwa ta ɗauke ni, na ce bayan azumi, na ce bayan Sallah. Ya rasu ban tara kowa ba. A wurin zaman makoki na ji wasu biyu a bayana suna raɗa, ɗaya yana ba ɗaya labarin abin da mamacin ya yi wa wani ɗan Gana a Caina. Ina riƙe da carbi, ban juya ba.

Ban rubuta wannan don ku tausaya mini ba. Kawunku koci ne na gaske. Ya yarda a cinye shi kowace Lahadi a gaban jama'a don mutum uku su kwana a gidajensu, ni kuma na ci wasa ɗaya. Alhaji Isufu yana raye a Maraɗi, ya tsufa amma kunnensa na ji. Jiya na kira shi na faɗa masa duka. Ya ce shi ma da bakinsa ya yaɗa maganar a garuruwa uku, yanzu ta ina zai fara. Na ce ni ma ban sani ba, amma ni daga Kaduna zan fara. Na sa an buga wannan labarin kwafi shida. Ranar Asabar, Amina, ki zo da mota da wuri. Za ki kai ni gidan Sadiya, ta tara 'yan'uwanta, ni zan karanta musu da bakina. Mamanku ta ce za ta bi mu.